Labulen Inna a Jos

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka bar unguwarmu Hausari, ni da kawuna, ƙanen Inna, da zanenta guda a naɗe a hammatata. Bari in gaya muku abin da ya tashe mu, don ni ma har yanzu kaina bai gama ɗauka ba.

Akwai wata Baturiya, matar injiniyan rijiyoyi, da ta saba zuwa hira wajen Inna. Wata rana ta zo da igiyar awo ta auna ɗakin Inna kaf, har gado da jeren kwanuka. Muka ce halin Turawa ne. Bayan ta bar gari sai wani direban shanu ya dawo daga Jos yana rantsuwa a tasha, wai ya ga ɗakin Inna a gidan tarihi, kowa na leƙawa. Ɗakin da ko aminan Baba ba su san launin ƙofarsa ba! Magana ta kai har unguwar Dogo Nini. Inna ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, abinci ma sai an yi da gaske. Rannan ta miƙo min zane ta ce, "Je ka rufe min ƙofata."

Wace ƙofa kuma? Ga ɗakin ina kallo, ga ta a ciki. Amma Inna ba a yi mata gardama.

Motar wake muka samu, muka hau kan buhuna. Damina ce, hanya duk taɓo, kafin Darazo mun sauka turi har na daina ƙirgawa. A Bauchi muka ci masa mai zafi da miyar taushe, lokacin canjin kuɗi ne, mai masar na kiran sule, ni ina miƙa sabon kuɗi, babu wanda ya san wa ya cuci wani. Duk hanya Kawu na nanata cewa Bature zai iya ɗauke ɗaki ya bar maka irinsa ba ka sani ba. Jos kuwa sanyi kamar an jiƙa mutum an shanya. Muka kwana wajen 'yan garinmu masu fataucin shanu.

Da hantsi muka shiga gidan tarihin. Jama'a, akwatunan gilashi ne a jere, kowane da gida a ciki, bai fi kwando ba. Ga gidan Bature mai bene, kujeru kamar kwalin ashana, an jera faranti a tebur, babu mai ci. Kawu ya tambayi mai gadi, "Su wa ke kwana a nan?" Ya ce ba kowa. "To na wasan yara ne?" Ya ce ba a taɓawa. Kawu ya dube ni, ni ma na dube shi.

Sai ga ɗakin Inna. Ban san lokacin da na yi sallama ba. Gadonta mai rumfa, randarta da moɗa, kwanuka kowane kamar farce, har tsagar bangon nan da Baba ya yi shekaru yana cewa zai liƙe. Wallahi ya yi kyau, kuma kunya ta kama ni har wuya, don an cire bangon gaba ɗungurungum. Wasu 'yan makaranta na nuna kaskon turaren wuta da ke ƙarƙashin gado suna dariya.

Kawu ya fizge zanen ya lulluɓe akwatin gaba ɗaya. Mai gadi ya sheƙo. Kawu in ransa ya ɓaci Hausa guduwa take ta bar shi da yarensa Ngizimanci, don haka ni na yi wa babbansu bayani, wani dattijo mai sanyin murya. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Gaskiyarku, ɗakin matar aure ba ya zama ba labule." Ya kawo almakashi ya yanki zanen daidai tafin hannu, ya buɗe gilashin, ya rataye shi a 'yar ƙofar da tsinken tsintsiya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bangon fa?"

Ya ce, "In an sa bango, me za a gani?"

Gani kuma! Ashe ba abin da ya kawo mu ke nan ba? Har muka wuce Nangere a hanyar dawowa ina juya maganar, ban gane ko mun yi nasara ba.

Inna ta warware zanen, ta daɗe tana duban gurbin da aka yanka.

"Ɗan wannan ne ya rufe ƙofar?"

"Shi ne, Inna."

"Kwanukana sun cika?"

"Ko ɗaya bai ɓata ba."

"Ka yi sallama kafin ka leƙa?"

"Na yi."

Ta ce to, madalla, yanzu duk mai son gani sai ya nemi izini. Washegari ta ɗaura zanen nan mai gurbi ta tafi suna, kai a sama.

Abin da tafiyar ta koya min ɗaya ne: ba duk abin da ido ya gano ake sauke wa uwa ba. Ni da Kawu mun yi alkawari tun a mota. Duk wanda ya je Jos a cikinku, don Allah kada ya yi wa Inna zancen bango.