Dogon Gilashi a Ɗakin Inna Kulu

Ku da kuka shigo aikin nan bayana, ku buɗe kunne. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da Larabar da aka aike ni Gulma ba.

Ni ban taɓa shiga aji ba. Shara nake yi a shagon hoton Oga Bitrus da ke Gwadangaji, har ya ga gidajen kulle ba sa barin namiji ya shiga, ya koya mini riƙe kyamara. Gilashinta, wato idon da ake kwancewa a ɗaura wani, guda biyu ne a shagon: gajere na cikin ɗaki, da dogo mai jawo abin da ke nesa.

Watana uku da farawa, cikin damina, wata malamar asibiti mai suna Hadiza ta zo daga Argungu. Mahaifiyarta, Inna Kulu, na kwance a Gulma jiki ya yi tsanani, kuma tunda take ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Sai yanzu ta yarda, in dai mace ce za ta ɗauka. Oga ya ce in tafi da gajeren. Yana juya baya na musanya. A ganina babba shi ne na ƙwararru, kuma ban so a raina ni.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, gado ya cinye rabinsa. Aka jingina tsohuwa da matashi. Na ɗaga kyamara, gilashin ya yi ta kai da komo yana ƙugi, ya ƙi kama fuskarta. Na ja baya har na haɗu da bango. Duk dannawar da zan yi, sai ya tsallake ta, ya bi ta ƙofar uwar ɗaka da ke bayanta, ya kama wani farin ƙyalle a ninke bisa akwati.

Na ce a kawar da shi. Cikin matan da ke ɗakin ba wadda ta motsa. Hadiza ta raɗa mini cewa likkafanin da Inna ta tanadar wa kanta ne.

Tsohuwa ta zuba mini ido ba ƙiftawa, ta ce, "Ɗiyata, bar wahal da shi. Ya san abin da yaz zo ɗauka."

Na ce zan dawo gobe da gajeren. Washegari da hantsi na isa, na tarar da maza suna dawowa daga maƙabarta.

Oga bai yi mini faɗa ba. Ya ce dogon gilashi ba ya ganin abin da ke kusa sai an ba shi fili. Na gwada, haka ne. Amma har yau ba na ɗaura shi sai da bisimilla.

Bayan sadakar bakwai Hadiza ta zo, ta ce a wanke mata hoton a haka. Ƙyallen ya fito tar, har ninkinsa ana gani. Uwarta kuwa kamar hayaƙi a gabansa. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Na gode, Gwaggo." Da ma zagina ta yi.

Don haka kafin ku ɗauki jaka, ku tambayi girman ɗakin da za ku shiga. Kuma in mara lafiya ne a gabanku, kada bakinku ya ce gobe.