Kofi Mai Jan Zare

Jiya a teburin mai shayinmu na Nyanya gardamar korona ta sake tashi. Wani ya ce gwamnati ta kyauta da ta kulle gari, wani ya ce yunwa kawai ta jawo wa talaka.

Malam Sabi'u mai shayin ya fi kowa zafi: "Wallahi ƙarya ce, babu wata cuta!"

Ni kuwa lokacin cutar sati biyu na yi a killace a asibitin Gwagwalada, iyalina suna Katsina, ko fuskar masu ba ni magani ban gani ba. Ranar da na dawo, Malam Sabi'u ya ware mini kofi, ya ɗaura masa jan zare. Har yau a ciki yake zuba mini.

Na ɗaga kofin na ce, "Malam, in ƙarya ce, wannan fa?"

Ya sosa ƙeya. "Haba oga, ai sabo ne."

Aka yi dariya, aka koma kan gwamnati.

Duk teburin ni kaɗai korona ta kwantar, amma shekarun nan ba wanda ya ce, "Yaya ka ji?"

Ku da kuka kwanta, an taɓa tambayar ku?