An ba shi bargo kuwa?

Shekarun baya, ina zaman jiran sakamakon jarrabawa a gida Gwaram, abokina na Birnin Kudu ya ara mini wani littafin almara na Turanci. Labarin wasu baƙi ne masu tsafi da suka zo bisa tsuntsayen ƙarfe suka mamaye wata ƙasa, suna ɗibar maza zuwa wani dutse mai sanyi su haƙo musu duwatsu masu haske. Cikin waɗanda aka ɗiba akwai wani manomi da ya baro 'yarsa ƙarama.

Ni tsuntsayen ne suka tafi da hankalina. Da na rasa wanda zan burge, sai na koma ba kakata labarin da Hausa kullum bayan la'asar, tana ɓarar gyaɗa.

Tsohuwar nan ko a jikinta da tsafin. Ina zuba bayanin yaƙi har da nuni da hannu, sai ta katse ni: "Maigida, bar tsuntsayen nan. Shi manomin, an ba shi bargo kuwa?"

Na ce, "Ke tsohuwa, ana maganar cin ƙasa kina maganar bargo?"

Washegari ta sake tambaya. Na duba littafin kaf, babu zancen bargo. Abin ya tsaya mini a rai, na tambayi mahaifiyata. Ta ce ai kakata tana 'yar mitsitsiya Turawa suka ɗebi mahaifinta zuwa haƙar kuza a Jos. Waɗanda suka dawo sun ce sanyin can ya ci mutane. Shi bai dawo ba, kuma babu wanda ya ga kabarinsa.

Ga shi littafin ya ƙare manomin yana kan dutse, sai a kashi na biyu. Ita kuwa kullum sai ta ce, "Yaya mutumina?" Ranar kasuwa na hau mota zuwa Birnin Kudu na karɓo na biyun, na buɗe ƙarshensa tun a tasha. Ban taɓa jin tsoron takarda irin na ranar ba.

Manomin ya koma gida, da ɗingishi, ya tarar 'yar ta girma ba ta gane shi ba.

Da na gaya mata, ta ajiye ƙwaryar gyaɗar. Can ta ce, "Za ta gane shi. A ba ta kwana biyu." Ta goge ido da gefen zani. "Alhamdu lillahi, ko a littafi dai wani ya dawo."

Ta rasu tuntuni, Allah Ya jiƙanta. Har yau ina karanta irin waɗannan littattafai, amma da an kwashi mutane a labari, sai na kama kaina ina duba ko marubucin ya tuna da bargo.