Igwar roba a akwatin amana

Sana'ata gyaran rediyo ce, amma abin da hannuna ya fi so shi ne haɗa igwa ta roba. Mahaifina ya ja irin waɗannan manyan bindigogi a yaƙin duniya, ya bar mini tsohon littafi mai hotunansu, daga nan nake kwaikwayo. Bututun biro shi ne bakin igwa, murfin kwalba taya, robar tsohuwar jarka kuma gangar jiki. Nakan gasa allura in huda, in liƙa da gam, in shafa koren fenti. Babu wadda ta wuce tafin hannu. Ina da littafin rubutu da nake zana su a ciki, da awon kowane sashe.

Da tashin hankali ya zo garin nan, sojoji suka fara bin unguwanni gida-gida suna bincike. Mai ɗakina ta ce in ƙona igwogin. Na ce mata hayaƙin roba baƙi ne, maƙwabta za su tambaya. Gaskiyar magana, na kasa rabuwa da su ne. Amma duk sanda mota ta tsaya a bakin layinmu na unguwar Abbaganaram, sai in leƙa in ga ko su ne. Mai gyaran rediyo, ga waya ga batir a ɗaki, ga zanen igwa da awo, wa zai tsaya jin bayanina?

Maƙwabcina dattijo ne mai wankin hula, ya girme ni, Yaya nake ce masa. Na ce a raina ba mai zargin irinsa. Na zuba igwa bakwai da littafin zane a akwatin ƙarfe, na sa kwaɗo, na kai masa na ce amana ce. A wajenmu ba a tambayar abin da ke cikin amana, shi ma bai tambaya ba. Ya tura akwatin ƙarƙashin gadonsa, ya koma kan hulunansa.

Wata safiya aka rufe layinmu. Aka fito da maza duka, aka zaunar da mu a rana. A gidana sojojin ba su daɗe ba suka fito hannu wofi. Daga gidan Yaya kuwa wani soja ya fito rungume da akwatina. Ya fasa kwaɗon a gabanmu. Igwogin ba su dame shi ba, har ya juya ɗaya a hannu. Littafin ne ya canza masa fuska. Ya tambayi wane ne mai gidan, Yaya ya miƙe.

"Baba, wa ya zana wannan?"

"Amana ce aka ba ni."

"Ta wa?"

Yaya ya yi shiru. Mutum uku ne tsakanina da shi. Bai waiwayo ba, ko da wutsiyar ido. Ni kuwa ina kallon yatsun ƙafata. Na ce a raina bari su sake tambaya, sai in tashi. Suka sake, har sau biyu. Ban tashi ba. Ina ji aka sa Yaya a mota da akwatin.

Kwana huɗu ban fita ba, don kada in haɗu da matarsa. Hulunan mutane na nan kan gungumen da yake shanya su a ƙofar gidansa, ba mai ɗauka. Mai ɗakina takan ajiye mini abinci ta fita. Kowace mota ta wuce, sai in ce ya faɗi sunana, ga su nan.

Rana ta biyar bayan la'asar na ji sallama. Yaya ne, ya rame, yana jan ƙafa ɗaya. Daga baya na ji wani babban soja ne ya duba akwatin, ya ce kayan wasa ne, a sake shi. Ya ajiye akwatin a gabana.

"Ga amanarka, ƙanena. Ɗaya ta karye a hannunsu. Ka yafe mini."

Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa ba komai.

Ya rasu shekarun baya, yana jan ƙafar nan har ƙarshe. Muna gaisawa kullum, ban taɓa neman gafararsa ba. Akwatin na ƙarƙashin gadona. Wadda ta karye, aikin minti biyar ne da gam, har yau ban gyara ta ba.