Makelesi Mai Rubutun Ƙasan Fim

A garin Labasa, idan faifan fim ya zo maka da yaren da ba ka ji, akwatin gidanka kuma ya ƙi karɓarsa, ba a cewa ka je shagon Bisun Ba'indiye. Cewa ake ka je wurin Makelesi, alhali shagon na Bisun ne, sunansa ne a kan allo, ita kuwa kujera ɗaya gare ta a can ƙurya, tsakanin kwamfuta da fanka.

Ba da sana'ar faifai ta tashi ba. 'Yar wani ƙauye ce a bakin teku. Ta yi makaranta har ta iya Turanci daidai gwargwado, ta tsinci Indiyanci a bakin maƙwabta masu noman rake kamar yadda yaran wajen suke tsinta, sannan ta kama ɗinki. Ta auri Sakiusa, wani dogon mutum mai sana'ar nutso, wanda in ya buɗe baki a majalisar shan yangona, wani jiƙon saiwa da mazan can suke sha, ba mai sake samun fili. Ya kalli fim ɗin Indiya ranar Asabar, ranar Lahadi bayan coci ya maimaita shi kaf, har da kukan uwar jarumi, ƙoƙon kwakwa yana zagayawa mutane suna ƙwarewa don dariya.

Nutson ne ya ci kunnuwansa. Wata rana ya yi zurfi fiye da kima, ya fito jini yana bin wuyansa, daga nan ji ya yi ta raguwa har ya ɗauke ɗungurungum. 'Yarsu Unaisi tana goye a lokacin. Bakinsa lafiya lau, sai dai ya koma magana da ƙarfi kamar mai kiran kwalekwale daga nesa. Amma majalisa ta gagare shi. A yi barkwanci a gama dariya, sai a lokacin wani zai juyo ya maimaita masa a hankali yana nuni da hannu, shi kuma ya yi dariyarsa shi kaɗai. Ya daina zuwa. Ya koma bayan gida yana gyaran raga, har ragar da ba ta yage ba.

Makelesi ba mace ce mai zama ta yi tagumi ba. Ta tara abin ɗinkinta ta sayo akwatin bisidi da 'yar talabijin, ta riƙa ɗauko fayafayi daga shagon Bisun. Fayafayin wancan zamani, fassarar Turanci a jikin hoton take, a ƙasa, ba ta zuwa ko'ina. Ranar farko Sakiusa ya zauna nesa yana harararsu. Kafin a kai rabi ya matso da tabarmarsa, leɓɓansa suna motsi. Da mugun fim ɗin ya faɗi wata magana, Sakiusa ya daki cinya ya ce, "Ƙarya kake, ɗan banza!" daidai lokacin da kowa ya ce haka. Makelesi ta fita waje wai za ta duba tukunyar rogo, ta daɗe ba ta dawo ba.

Ana nan sai yayi ya sauya. Sababbin fina-finai suka koma zuwa a faifan dibidi, mutanen ƙauye kuwa tsohon akwati gare su. Bisun ya sayi kwamfuta ya riƙa juye wa mutane daga sabon faifai zuwa tsoho. Hoto ya fito, murya ta fito, rubutu ya ce ku nemi wani. Da Makelesi ta kai irin wannan faifan gida, Sakiusa ya kalli bakin 'yan fim na ɗan lokaci, ya tashi ya nufi ragarsa.

Washegari ta hau motar safe ta dira a shagon.

"Yaya Bisun, ina rubutun?"

"Wane rubutu kuma, Maman Unaisi? Ke da kike jin Indiyanci fiye da surukata?"

"Ba don ni ba. Ka san don wa."

Bisun ya sosa sanƙonsa. Mutumin kirki ne, sai dai gajen haƙuri. "Na sani, 'yar'uwa. To ya zan yi? A tsohon faifai rubutu da hoto jiki ɗaya ne, kamar zanen da ke jikin atamfa. A sabon nan daban yake, kamar mayafi aka yafa. In na juye, mutum ya taho ya bar mayafin a can."

"To a ɗinke masa shi a jiki kafin ya taho mana."

"Da bakinki abin da sauƙi. Ni mai shago ne, ga masu saye, ga masu haya, yaushe zan zauna?"

"Ni zan zauna," in ji ta. "Nuna mini inda ake dannawa. Na haɗa rigar amarya a hasken fitilar ƙwai, wannan akwatin ba zai fi ƙarfina ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya jawo mata kujera. Abin da ya sani ya koya mata, abin da bai sani ba suka yi ta laluben sa tare, wani lokaci ya buga wa 'yarsa da ke karatu a birnin Suva waya ta karanto musu. Sun lalata fayafayi ba adadi. Wani ya fito da rubutun mutanen Malesiya, don sabon faifai yakan ɗauko fassara kala-kala, sai ka zaɓa. Wani ya fito rubutun ya zame ƙasa, rabin haruffan a yanke. Da rana Kushma matar Bisun ta kawo gurasarsu ta roti da miyar kabewa, Makelesi ta kwance ƙunshin gwazarta, su ci a kan kwali suna gardama. Ranar da rubutu ya fito fes a tsohon akwati, Bisun ya fita bakin titi yana kiran mutanen da ba su tambaye shi ba su zo su gani.

A daidai lokacin ne fina-finan Filifin suka cika gari. Waɗannan kam ba mai jin yarensu, Ba'indiye da ɗan ƙauye duk kurame ne a gabansu, kowa rubutu yake bi. Aiki ya yi wa Makelesi yawa har ta rufe keken ɗinkinta da zane.

Da aka gama rufin sabon zauren ƙauyensu, dattawa suka ce a yi kallo ranar Asabar da la'asar. Makelesi ta ce a bar mata. Ta zaɓi wani fim mai tsawo na wata mai sayar da kifi da mahaifinta, ta juye shi. Tsohon faifai ba ya ɗauke dogon fim, sai an raba biyu. Ta duba na farko, komai daidai, ta zuba na biyun a jaka ba ta duba ba.

Aka toshe tagogi da tabarmi, aka tada janareta. Zaure ya cika, maza a gaba kusa da akushin yangona, mata da yara a baya. Sakiusa ya zo, karo na farko cikin shekaru, ya zauna cikin maza da rigarsa mai furanni. Faifan farko ya tafi sumul. Makelesi tana hango kafaɗunsa suna rawa tare da na kowa.

Aka sa na biyu. Ga tsoho kwance a gadon asibiti yana numfashi sama-sama, 'yarsa ta riƙe hannunsa hawaye shaɓe-shaɓe, ta sunkuya ta yi masa magana. Rubutu ya fito a ƙasa: "Wannan kifin ya kwana, wari yake." Tsohon ya buɗe ido da ƙyar ya amsa: "In ba za ka saya ba matsa ka ba mutane wuri."

Rubutun faifai na biyu ya koma ya faro daga farkon fim, daga cinikin kasuwa.

Zaure ya fashe da dariya. Wani taubashinta Peniasi, wanda ba ya barin ta ta huta tun suna yara, ya miƙe yana share hawaye. "Makelesi! Wannan tsohon nawa za ki sayar mana da shi? In ya kwana a rage mana!"

Ta tashi ta ratsa mutane har gaban talabijin, ta riƙe ƙugu. "Ku gama dariyarku, ina jira. Kai kuma Peniasi, kai da ko sunanka sai an riƙe maka hannu, yaushe ka fara karatu?" Aka sake fashewa. Ta ce, "Fim ɗin nan na kalle shi a shago har na haddace. A rage murya." Ta rufe ƙasan talabijin da tawul, ta tsaya a gefe ta riƙa faɗar maganar kowa da yarensu na ƙauye, ta yi muryar tsoho, ta yi ta yarinya, ta yi ta likita. Tsofaffin mata da ba su taɓa bin rubutun Turanci ba suka matso, wasu har da kuka. Da aka gama aka yi ta tafi.

Sai a lokacin ta duba cikin maza. Wurin Sakiusa ba kowa.

Ta same shi a bakin ruwa, zaune a kan kifaffen kwalekwale. Ta zagayo ta tsaya a gabansa yadda zai ga bakinta.

"Kowa ya ji ƙarshen, ko?" ya ce da muryar nan tasa mai ƙarfi.

"Baban Unaisi, matsa in zauna in ba ka shi tun daga asibitin."

"A'a. Na gaji da a ba ni daga baya. So nake in gani lokacin da kowa yake gani."

Ba ta yi masa rantse-rantse ba. Ta dafa gwiwarsa ta ce, "Asabar mai zuwa. A zauren nan."

"Kin ma san abin da ya lalace?"

"Na sani. Na yanka kafin in ɗinka. Ko a riga ba a yin haka."

Ranar Litinin ta shiga shago kafin Bisun ya gama kunna turarensa. Labari ya riga ta isowa, yana ganinta ya toshe hanci ya ce, "'Yar'uwa, yau akwai kifi?" Ta ce masa akwai, kuma daga yau za a fara manna rubutu a jikin fim ɗin gaba ɗayansa sannan a raba. Ta ƙara da cewa ba faifan da zai sake fita sai an kalle shi har ƙarshe da murya a kashe, don mai ji kiɗa yake bi, ido ya yi barci.

"Wa zai zauna ya kalli fim ba murya? Sai mahaukaci."

"Ina da mutum," in ji ta.

Asabar ɗin aka sake kallon, tsohon ya mutu da maganarsa ta gaskiya, Sakiusa ya zauna har ƙarshe. Litinin ta gaba shi ma ya hau motar safe. Aka ajiye masa tsohuwar talabijin a bayan shago, kuma ba a taɓa samun mai duba irinsa ba. Shi ya fara lura cewa a wasu fayafayin ƙasashen waje rubutu yakan fara daidai, sannan ya riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan, har miji ya koma faɗar maganar mata. Sai ya ƙwala kira daga ciki, "Maman Unaisi! Rubutunki ya gaji, an bar shi a baya!" masu saye su firgita, ita kuma ta gyara gudunsa ya yi daidai da na hoton. Masu zuwa haya suka gane cewa in ana son sanin fim mai kyau, shi ake tambaya. Ya ba ka labarin rabi, ya yi shiru daidai inda ya fi daɗi.

Yayi bai daina sauyawa ba. Bisidi ya mutu, dibidi ya tsufa, wani faifan mai tsada ya zo bai daɗe ba, aka koma tura fim a filashi da waya. Kowane juyi sai rubutu ya nemi zamewa, kowane juyi Makelesi ta gano inda ya ɓuya. Da Bisun ya tsufa, 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa Auckland, can ƙasar waje. Ranar tafiya ya sa aka ɗora kwamfutar a bayan mota har ƙofar gidanta, ya ce shi dai kada ya ji an juye wa wani fim tsirara, ba rubutu, a garin nan.

Yanzu a barandar gidanta take aiki, da tabarau mai kauri, furfura ta cika kai. Kwanakin baya wasu kurame uku suka zo tun daga Savusavu da kwali cike da tsofaffin fayafayi, suna so a mayar musu cikin filashi kafin su ruɓe. Wani shago ya gwada, rubutun ya ɓace. Babbarsu ta yi nuni da hannu tana tambaya ko zai yiwu. Makelesi ta ɗaga faifai ɗaya ta duba bayansa a hasken rana, ta goge shi da bakin zanenta, ta gyaɗa kai. Sannan ta tura jikarta ta gaya wa Sakiusa ya ƙaro kifi, baƙin nan sai sun ci abinci.