Dokin Ƙofa

Shekarun baya, tun ba a yanka mana jiha ba, muna ƙarƙashin Sakkwato, jikana ya samu gurbin karatu a wata kwaleji a Birnin Kebbi. Ni na raine shi. Shan-inna ta taɓa ƙafafunsa tun yana goye, da keken guragu yake yawo, irin mai tuƙi da hannu.

Ɗakin kwanan da ya rage a makarantar a saman bene yake. Ya ce haya zai kama, ya zauna shi kaɗai. Na ce to, amma ni zan zaɓa. Yaro mi ya sani ga ɗaki?

Mu mutanen Argungu abu guda muke tambayar ɗaki: ruwa na cin ka? Na shigo mota na zo Birnin Kebbi, unguwar Nasarawa. Anka nuna mini wani ɗaki, ƙofarsa daidai da ƙasa, na ce wannan ai na kwaɗi ne. Sai ga wani a gidan wani dattijo, dokin ƙofarsa ya kai mini gwiwa. Sai da na tattare zane na dafa bango sannan na shiga. Raina ya yi fari. Na ce ko gulbi ya zo da dangi nai, ba ya kwana nan. Na kama.

Ranar da munka kawo kaya, jikana ya tuƙo kekensa har bakin ƙofa ya tsaya. Ya dubi dokin, ya dube ni.

"Kaka, wa anka kama wa ɗakin ga? Ni ko akuya?"

"Ruwa ba ya shiga," na ce.

"Gaskiya ne. Ni da ruwa duk muna waje."

Na ce abu mai sauƙi, sai in zauna da shi, in riƙa shigar da shi. Wa ya goye shi a da? Dama tabarmata na cikin kayan, ita kaɗai ta san yadda ta shigo mota.

Nan dariya ta bar fuskarsa. Ya ce, "Kaka, in sai an ɗauke ni zan shiga ɗakina, mu koma Argungu yau. Na bar karatun."

Na san kansa, don irin nawa ne. Na je wurin mai gida na roƙi a sare dokin. Ya ce, "Hajiya, mahaifina ya gina shi. Ku hau shi, ku tsallake shi, amma ba a yanka shi."

Sai jikana ya ce a bar dokin da ransa, a yi masa gangara, irin wadda masunta ke jan jirgi a kanta a bakin gulbi. Na ce wannan aikina ne. Na kwaɓa laka da ƙaiƙayin shinkafa, na gina. Yana cewa, "Kaka, ja ta da nisa," ina cewa laka ba ta tsiro a gona ba.

Da ta bushe, abokan karatunsa sunka tura shi ciki don gwaji. Fitowa ce ta zo da labari. Keke ya kwaso kamar an harbo shi, ya bi ta kan butar mai gida, ya watsa kaji, bai tsaya ba sai cikin buhunan albasar maƙwabci. Na ruga ina salati. Na tarar da shi yana dariya har da hawaye.

"Fita dai na iya, Kaka! Saura shiga."

Mai gida ya dubi butarsa ta zama faifai, ya ce, "Hajiya, don girman Allah ki bar yaron ga ya faɗi yadda za a yi. Buta guda ta rage mini."

Na sake kwaɓi. Yana nuni da kara, ina zuba laka. Gangara ta yi tsawo ta kwanta. Ya hau da hannunsa, ya sauko, ya sake hawa. Sannan ya miƙo mini tabarmata, naɗaɗɗiya.

"In kin zo, Kaka, ki yi sallama."

Na yi fushi har Argungu. Shi kuwa a ɗakin nan ya dafa, ya wanke, ya gama karatunsa, ba wanda ya ɗauke shi.

Yau gwiwoyina sun ƙi ni, a gidansa nake zaune. Duk ƙofofinsa daidai da ƙasa suke, irin na kwaɗi. Ina shiga ina fita da sandata, ban taɓa kiran kowa ba.