Likkafanin Ulun Reuben Marini

Yayana Reuben Fearon marini ne a ƙauyen da ba mai sa tufa mai launi. Mu 'yan ɗariƙar Kirista ta Jama'ar Abokai toka-toka muke sawa, don haka duk shuɗin da ya rina 'yan cocin garin Kendal ne suke saye. Hannayensa kuwa shuɗi ne har gwiwar hannu, ko ranar aurensa da Tabitha haka ya miƙa mata su.

Tun yana saurayi tukunyar rini take hana shi sukuni. Me ya sa toka kaza ba ta karɓar ruwan tsami sai kaza, in an ƙara ya zauna a banza? Ya auna ya sake aunawa, ba wanda ya ba shi amsa. Sai wata shekara ya kai yadi Manchester, ya shiga wani zaure inda wani malami yake bayani cewa komai na duniya ƙwayoyin zarra ne da ido ba ya gani, kowane iri da nauyinsa, suna haɗuwa suna rabuwa amma ba sa hallaka. Ya dawo gida da sikeli da kwalabe, ya manta da tsarabar da aka aike shi.

Daga nan muka shiga uku. Ya toshe guntun kyandir mai ci a kwalba, ya auna kafin ya mutu, ya auna bayan ya mutu.

"Tabitha, zo ki gani! Nauyin bai ragu ba. Ba abin da ya ɓata, gida kawai ya sauya."

"Kyandirina dai ya ɓata," in ji ta. "Zo ka ci wainarka, malam, ka ƙirga ƙwayoyinta a ciki kafin ta huce."

Haka suka tsufa, shi yana awo, ita tana tsokanarsa tana wanke masa kwalaben. Allah bai ba su haihuwa ba. Ni da nake maƙwabtaka da su, sau da yawa na ji kishin dariyarsu.

Ciwon ƙirji ya ɗauke ta a wani hunturu. Mu ba ma kafa dutse a kabari, ba ma haɗa dangi wuri guda. Wanda ya rasu yana bin wanda ya riga shi a layi, a baje ƙasa, ciyawa ta rufe. Reuben ya san haka, amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai, wato in ya mutu a kwantar da shi kusa da ita. A taron ibada, inda muke zama shiru sai wanda zuciyarsa ta motsa, Reuben da bai taɓa buɗe baki ba ya miƙe.

"'Yan'uwa, ku bar mini wuri a gefenta."

Dattijo Obed, mai kula da maƙabarta, ya amsa masa. "Reuben, in mun bar maka, gobe kowa zai nemi nasa. Ka yi haƙuri, ɗan'uwa."

Kafin bazara aka sa wani tsohon baduku a wurin, wanda Tabitha ba ta ko ga-maciji da shi. Na ji haushin Obed har na daina gaishe shi.

Reuben ya bar sikelinsa ƙura ta hau. Kullum yana jingine da katangar maƙabarta. Tumakin Obed ne ake sakawa ciki su rage ciyawa, kuma akwai wata tunkiya mai yagaggen kunne da ba ta kiwo sai a gindin katangar arewa, inda Tabitha take. Da lokacin askin tumaki ya zo, ya roƙi Obed gashin tunkiyar nan. Obed ya ba shi bai tambayi dalili ba, haka kuma ya yi ta ba shi duk shekara.

Ni ya kawo wa in kaɗa zare. Na ce, "Yaya, kanka ɗaya kuwa? Ga ulu mai kyau a kasuwa, sai wannan mai ƙaiƙayi?"

"Keziah, saurara. Tabitha ta koma ƙasa, ciyawa ta sha daga ƙasar, tunkiya ta ci ciyawar. Ruhinta yana wurin Ubangiji, ban isa in auna wannan ba. Amma ƙwayoyin da suka yi hannayenta, wasu suna cikin abin da kike riƙe da shi."

Na rungume ulun nan mai warin tumaki, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta.

A ƙasarmu da ulu ake yi wa mamaci likkafani. Na kaɗa, na saƙa, shekara bayan shekara, yana leƙowa yana auna tsawon da jikinsa. Ya ga an gama shi, ya rayu har wani askin, sannan ya rasu a kujerarsa da hantsi.

Ni na naɗe shi. Layinsa ya faɗo can bakin ƙofa, nesa da katangar arewa. Obed, da ya tsufa tukuf, ya dage sai ya riƙe ɗaya daga igiyoyin zura akwatin gawa cikin kabari. Kafin a saukar da akwatin ya ce a ɗaga murfin, ya shafa yadin da tafin hannunsa, ya dube ni.

"Keziah," ya ce, "ai ya sami wurin nasa a gefenta."